Launin Wani, Muryar Wani: Yadda Aka Gane Wani Ɗan Tsuntsu a Bakin Kurmin Ngel Nyaki

Kurmin Ngel Nyaki yana gefen yamma na tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Wanda ya taso daga Jalingo zai bi ta Bali da Serti ya iso Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan mota ta kama hawan nan mai kwana-kwana har Maisamari. Kafin a kai Nguroje akwai ƙauyen Yelwa, nan ake sauka a ƙarasa. Tun 1969 aka keɓe wurin ya zama gandun daji. Faɗinsa murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin kurmin, inda itatuwa suka haɗe kai suka rufe sama, bai fi murabba'in kilomita 7 da 'yan kai ba, yana manne da jikin gangare tsakanin mita 1,400 da 1,600 bisa teku. Sauran duk ciyawa ce da wurin kiwo, sai 'yan siraran kurame masu bin ƙoramu. A saman gangaren akwai tashar bincike ta shirin nazarin kuramen tsaunukan Najeriya, wanda Hazel Chapman ta Jami'ar Kantabiri da ke Niyu Zilan ta assasa a farkon shekarun 2000, kuma ɗalibai daga jami'o'in ƙasar nan suna zuwa can koyon aikin daji.

A bakin ɗaya daga cikin siraran kuramen nan abin ya faru, cikin watan Nuwamba, ruwa ya ɗauke amma ba a fara sa wa ciyawa wuta ba. Wata ɗaliba ce mai karatun ilmin dabbobi. Tsuntsayen gida ta san su sarai: gwara, kabare, koji, asisi, ragon maza, duk ba sai ta ɗaga tabaron hangen nesa ba. Na tsauni kuwa baƙinta ne. Mai rakiyarta wani dattijo ne mutumin yankin, wanda shekarunsa na aikin daji suka tafi a kan itatuwa da birai. Nawa a ciki shi ne ni ta turo wa shaidunta ta waya, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsuntsun ba sabo ba ne ga masana. Abin da ya sa lamarin ya cancanci rubutu shi ne, ta inda ya ruɗa ta, ta nan ya ruɗa su kansu masanan fiye da shekara 40.

Abin da ta gani da abin da ta ji

Wajen ƙarfe bakwai na safe, hazo bai gama tashi daga kwari ba, suka ji waƙa daga cikin wani rukuki da bai wuce ƙugun mutum ba. Tsuntsun bai fi taku biyar da su ba, amma ganye ya rufe shi ruf. Dattijon ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Tsuguna, 'yata. Wannan ba a ganinsa a tsaye. Ƙasa yake bi kamar ɓera."

"Baba, ka san sunansa?"

"Da itace ne da na faɗa miki har da na Latin. Wannan muryarsa na sani da gidansa. Sunan littafi ke za ki nemo mana."

Ta tsuguna har ƙafa ta yi mata tsami, raɓa ta jiƙa mata gwiwa. Can sai ya gifta ta wani ɗan sarari tsakanin rassa biyu, ya tsaya abin da bai fi numfashi biyu ba, ya shige. A wannan ɗan taƙin ta kalle shi da tabarau. Da ya sake giftawa ta danna kyamara. Ta kuma naɗi waƙar da wayarta. Sannan ta yi abin da a ganina shi ya ceci lamarin baki ɗaya: kafin ta buɗe komai, kafin ta tambayi kowa, ta samu dutse ta zauna ta rubuta abin da ido da kunne suka ba ta. Ga yadda ta rubuta:

"Ya ɗan ɗara gwara tsawo, amma wutsiya ce ta ja shi. Baya ja-ja mai ruwan ƙasa, babu zane babu ɗigo, launi ɗaya daga wuya har bakin wutsiya. Maƙogwaro fari tas. Ƙirji da gefen ciki ruwan kirfa. Tsakiyar ciki fari-fari. Akwai gira mai haske, ta wuce ido. Baki siriri. Wutsiya doguwa, gashin tsakiya ya fi na gefe tsawo. Fiffike gajere. Bai tashi ba ko sau ɗaya, tsalle yake yana kutsawa. Waƙa: sauti ɗaya ake maimaitawa, cif-cif-cif, yana farawa ƙasa-ƙasa yana ƙara ƙarfi sai ya yanke. Wani lokaci wani na biyu yana ɗora siririn fito a kai."

Hoton kuwa sai a hankali. Kyamarar ta kama wani reshe da ke gaba ta fito da shi fes, tsuntsun yana baya dishi-dishi, kuma rabinsa na baya kaɗai ya shiga: wutsiya, gefen ciki, ƙafa ɗaya. Kai babu. Haka hotunan cikin rukuki suke. Haske kaɗan ne, wanda ya samu shiga ma ya ratso ta ganye ya rine komai da kore-kore.

Da rana, da ta hau inda waya ke samun sabis, ta ɗora hoton a wata manhaja mai gane halittu daga hoto. Ba ta kunna mata wurin da take ba, saboda haka manhajar ta lalubo cikin tsuntsayen duniya duka ta miƙo mata wani mai sunan Latin Bradypterus cinnamomeus. Ta duba hotunansa, ta ga shi ne sak. Sai ta shiga xeno-canto, rumbun muryoyin tsuntsaye da ke intanet tun 2005, ta saurari waƙarsa. Ko kusa. Wancan yana farawa da siririn fito ɗaya ko biyu, sannan ya zubo sautuka a jere da sauri. Nata ba haka yake ba. Ta bi sauran sunayen da manhajar ta jero a ƙasa tana saurare, har ta faɗa kan Bradypterus lopezi, ta ji kusan waƙar da ta naɗa. Ta koma ga hotunansa, ta tarar da tsuntsu mai duhu, launinsa a dushe, babu wannan farin maƙogwaro da ya tsaya mata a rai. Nan ne ta rubuto min:

"Malam, kaina ya ɗaure. Launi na wani, murya ta wani. Ko dai tsuntsu biyu ne a wurin, na ga ɗaya na ji ɗaya?"

Tambaya ce ta mai lura, kuma ita ce za ta raba gardama a gaba. Amma ba da ita muka fara ba.

Ƙasa tukuna, sannan tsuntsu

Kafin in kalli hoton na tambaye ta tsayin wurin, da irin tsiron da ke ciki, da kuma iyakar inda tsuntsun ya hau daga ƙasa. Ta ce wajen mita 1,600 ne, daidai inda itatuwa ke ƙarewa ciyawa ta fara, cikin cunkoson ƙaya da wannan tsiro mai ganye tsaga-tsaga da ke mamaye gangaren Mambila. Ƙorama tana can ƙasa kaɗan, amma inda suka tsuguna busasshen wuri ne, ba fadama ba. Tsuntsun bai taɓa hawa sama da gwiwa ba.

Dalilin fara tambaya ta nan shi ne, tsaunukan wannan yanki jeri ne guda wanda aman wuta ya tayar tun zamanin da: daga tsibirin Biyoko, zuwa Dutsen Kamaru mai tsayin fiye da mita 4,000, zuwa Manenguba, zuwa tuddan Bamenda da Dutsen Oku, har Mambila da duwatsun Gotel inda Chappal Waddi yake, mita 2,419, wuri mafi tsayi a Najeriya. Obudu ta jihar Kuros Riba ma reshensu ce. Sanyi da danshin da ke sama sun raba su da ƙasar da ke kewaye, har wasu tsuntsaye suka zauna a nan kaɗai, ba a samunsu ko'ina a duniya. Wanda ya hau da sunayen tsuntsayen Gombe ko Kano a kansa zai yi ta cusa abin da ya gani cikin sunan da ya sani. Wanda kuma ya sakar wa manhaja duniya duka, sai ta kawo masa na Habasha.

Domin kuwa cinnamomeus na can ne. Eduard Rüppell ne ya fara bayyana shi a 1840 daga tsaunukan Habasha, kuma yana nan a tuddan Kenya, Tanzaniya, Yuganda, Ruwanda da gabashin Kwango. Mafi kusa da Mambila a cikinsu sun fi kilomita 2,000, ga dajin Kwango a tsakani. Gaskiya ne tsuntsu yakan ɓata hanya ya ɓulla inda ba a zata ba, amma masu dogon zango ne ke yin haka, ba mai gajeren fiffike da ke ƙyashin tsallake hanyar ƙafa ba. Kama da wane ba ta wane. Wannan ya fita tun ba a je ko'ina ba.

Wanda na fi jin tsoro daban ne: Luscinia megarhynchos, mawaƙin nan na Turai da ke tsallako Sahara ya yi hunturu a wajenmu. Watan ya dace, don a Nuwamba ya riga ya sauka. Halin ya dace, shi ma rukuki yake shiga, ƙasa-ƙasa yake bi, ba ya son a gan shi. Girman ya yi kusa, wajen santimita 16 ne. Wutsiyarsa ja-ja ce, kuma wutsiya ce mafi yawan abin da hoton ya nuna. Har a cikin waƙarsa, wadda yakan rera ko a nan inda yake baƙunta, akwai sashen da yake maimaita fito ɗaya yana ƙara masa ƙarfi. Wanda ya tsaya a kan hoton da rabin bayani zai iya rantsewa shi ne. Abin da ya kore shi yana cikin ɗan littafin rubutunta. Shi ba shi da gira mai fitowa fili, sai babban baƙin ido da siririn zobe mai haske kewaye da shi. Ƙirjinsa toka-toka ne, ba kirfa ba. Wutsiyarsa ta fi bayansa ja, har ana ganin inda launi ya sauya a gindinta, nata kuwa ta rubuta launi ɗaya ne daga wuya har ƙarshe. Na tambaye ta ko tsakanin maimaicin nan tsuntsun yana kawo wasu sautuka daban, ta ce a'a, abu ɗaya yake yi ya huta ya sake. Shi kuwa baƙon Turai ba ya zama a kan baiti ɗaya: yanzu fito, an jima gurnani, an jima kaɗawa.

Da a ce ta ga hotunan manhajar kafin ta rubuta, da ba zan amince da girar nan da kirfar nan haka ba. Ido yana da saurin aro. Mutum ya kalli hoto minti biyu, sai ya fara "tuna" abin da ke cikin hoton a jikin tsuntsun da ya gani, ba don yana ƙarya ba.

Sai Cisticola chubbi, wanda yake da yawa a irin wannan bakin kurmi a Mambila. Shi ma ruwan ƙasa ne, wutsiyarsa mai hawa-hawa ce, kuma mata da miji tare suke waƙa, abin da ya yi daidai da "wani na biyu" da ta rubuta. Amma su ba sa ɓuya. Sukan hau kan tsiro su buɗe wutsiya, suna ɗaga jiki suna kaɗa fiffike, da amo mai cika kwari. Saman kansa ja ne, bayansa ya fi kan dushewa, akwai baƙi tsakanin ido da baki, kuma kusa da bakin gashin wutsiya akwai baƙin ɗigo. A nan hoton nan marar kyau ya yi rana: wutsiyar da ke cikinsa ba ta da ɗigo ko ɗaya. Da na kwatanta mata su sai ta ce ai ta san su, su ne Baba ke kira masu surutun bakin hanya.

Akwai kuma ɗan uwan cinnamomeus da lopezi na jini da ke zama a fadama cikin kacala da dogayen ciyayin ruwa, Bradypterus baboecala da makusantansa. Shi ma sauti ɗaya yake maimaitawa. Bambancin shi ne nasa sauri yake ƙarawa: yana farawa da rata tsakanin sautukan, su yi ta matsowa har su kusa haɗewa, sau da yawa ya rufe da ƙarar fiffike. Wuyansa kuma yana da siraran zane. Wurin da ta kwatanta bai dace da shi ba, amma ƙorama tana kusa, saboda haka ban so a kore shi da wuri kaɗai ba. Ana bukatar a tabbatar: sauri waƙar ke ƙarawa ko ƙarfi?

A nan ne naɗin wayar ya kusa ɓata aiki. Wayoyi da yawa suna daidaita ƙarfin sauti da kansu, abin da ya yi ƙasa su ɗaga shi, abin da ya yi sama su danne shi, don maganar mutum ta fito daidai. Ga hira alheri ne. Ga wannan waƙa asara ce, tun da hauhawar ƙarfin ita ce alamarta. Ƙari a kan haka, a matsayin saƙon murya ta fara turo min shi, manhajar aika saƙo ta sake matse shi. Abin da ya iso kunnena cif-cif-cif ne kawai a shimfiɗe, da kukan ƙwari a baya. Na ce ta turo asalin fayil ɗin yadda waya ta ajiye shi. Muka zuba shi a Audacity, manhajar kyauta da ke mai da sauti hoto, lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, kaifin murya daga ƙasa zuwa sama. Sai abin ya fito a fili. Kowane sauti siffarsa ɗaya da na gabansa, tsayinsu ɗaya, ratar da ke tsakaninsu ba ta raguwa. Na ƙarshe sun ɗan fi na farko kauri, alamar ƙarfin da wayar ta kasa dannewa duka. Ba sauri ba ne ke nan, na fadama ya fita. A wasu baitocin kuma, can sama da su, ga wani siririn layi yana gangarowa, wato fiton na biyun da ta ji.

Sauran ba su ci lokaci ba. Na jinsin Acrocephalus bakinsu dogo ne, goshinsu a kwance, waƙarsu surutu ce mai sassauyawa. Melocichla mentalis na cikin doguwar ciyawa ya fi wannan girma nesa, ga baƙin layi a gefen bakinsa, ga wutsiya mai duhu.

Ɗaya ne ko biyu?

Yanzu sai tambayarta. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a kurmi kowannensu yana iya yi wa ɗan uwansa ƙarya. Rukuki ɗaya yakan ɗauki tsuntsaye iri uku ko huɗu. Mai waƙar yana can ciki bai motsa ba, wani mai son ganin ƙwaƙwaf ne ya leƙo, sai mai kallo ya ɗauki muryar wancan ya manna wa jikin wannan. Bayanan ƙarya da yawa ta haka ake haihuwarsu, kuma masu su mutanen kirki ne da suka gani da ido suka ji da kunne. Maganin ɗaya ne, a ga tsuntsun yana cikin waƙar, baki a buɗe, maƙogwaro yana motsi daidai da sautin.

Ba za a kuma kori lopezi da nisa kawai ba, yadda aka kori na Habasha. Shi ɗan jerin tsaunukan nan ne, yana Biyoko, yana Dutsen Kamaru, yana Manenguba. In har tsuntsu biyu ne, to mai waƙar yana iya zama shi, kuma da labari ya zama babba.

Ta tambaye ni ko ta kunna masa waƙa daga waya ya fito. Na ce ta dakata, don dalili biyu. Na farko, irin waɗannan tsuntsaye masu tsare yanki ne, in suka ji waƙar wani a gidansu sai su bar abin da suke yi su fito neman abokin gaba da babu shi. A tsaunukan nan kuma tsuntsayen kurmi da yawa daga ƙarshen damina zuwa rani suke sheƙa, saɓanin na ƙasan tsauni da suka fi yi da damina, saboda haka Nuwamba ba lokacin tayar musu da hankali ba ne. Na biyu, ko da ya amsa, amsar ba hujja ba ce. Idan waƙoƙin tsuntsu biyu suka yi kusa haka, kowannensu yana iya harzuƙa da ta ɗan uwansa. Ka kunna ta lopezi wani ya fito, abin da ka sani kawai shi ne ya ji haushi.

Da suka koma da sassafe, dattijon ne ya zaɓi wurin zama. Akwai inda turbar shanu ta ratsa rukukin ta raba shi biyu. Ya zaunar da ita a bakin turbar, rana a bayanta, ya ce ta gyara tabaranta a kan wani kututture da ke tsallake tun kafin komai ya motsa, don kada tsuntsu ya fito tana ta murɗa. Ya ga hannunta yana zuwa aljihu.

"Bar wayar nan, 'yata. Gidansa ne, nan yake wucewa. Ke dai kada ki yi motsi."

Sun ɗan jima. Saƙon da ya biyo baya gajere ne: "Malam, ɗaya ne. Ya hau wani kara da bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Bakinsa a buɗe, farin maƙogwaron yana kumbura da kowane sauti, har wutsiyar tana rawa. Ga girar, ga kirfar. Na biyun yana amsawa daga ciki amma bai fito ba."

To, saɓanin ya tabbata. Tsuntsu ɗaya ne mai launin cinnamomeus da muryar lopezi. Kuma wannan saɓani shi ne sunansa, domin akwai tsuntsu ɗaya tak da aka sani da haka, a wannan jerin tsaunuka kaɗai yake zaune: Bradypterus bangwaensis.

Tarihinsa ya bi sawun ruɗanin ɗalibar kusan taku da taku. Jean Delacour, masanin tsuntsaye ɗan asalin Faransa, shi ya ba shi suna a 1943, da sunan Bangwa, wani wuri a yammacin Kamaru. A zamanin, aikin rarrabe tsuntsaye a kan busassun fatu ake yinsa a gidajen tarihi, fata kuwa ba ta waƙa. Aka dubi launi aka ce reshe ne na cinnamomeus da ya yi nisa da danginsa, wato hukuncin da manhajar ta yanke, kuma bisa hujja iri ɗaya. Da aka fara naɗar muryoyi a daji sai aka ji waƙarsa ta lopezi ce, wasu suka mayar da shi ƙarƙashin wancan. Shi ya sa wanda ya buɗe tsofaffin littattafai zai same shi a wurare dabam-dabam. Robert Dowsett da Françoise Dowsett-Lemaire, waɗanda suka zagaya Mambila da duwatsun Gotel a 1988 suka fitar da rahotonsu a 1989, suna cikin waɗanda suka tsayar da cewa iri ne mai zaman kansa. Babbar hujja tana Dutsen Manenguba, inda shi da lopezi suke zaune a dutse ɗaya, lopezi a cikin duhun kurmi, bangwaensis a baki-baki cikin rukuki, ba su narke sun zama abu ɗaya ba. Da reshen juna ne da ba su zauna haka ba.

Shi kansa lopezi yana da alaƙa da ƙasar nan ta wata hanya. Boyd Alexander, hafsan sojan Ingila mai sha'awar tsuntsaye, shi ya bayyana shi a 1903 daga Biyoko, ya sa masa sunan mai taimaka masa wajen tara tsuntsaye, José Lopes, mutumin tsibiran Kef Bade. Wannan Alexander ɗin ne ya ratsa Arewa zuwa tafkin Cadi a tafiyarsa ta 1904 zuwa 1907, aka kashe shi a ƙasar Cadi a 1910, aka binne shi a Maifoni ta Borno kusa da kabarin ɗan uwansa.

Da suna ya samu, sai muka koma muka gwada shi da kowane layi na rubutunta, domin suna ma yakan zo da son zuciya. Tsawo santimita 14 zuwa 15, ya yi. Baya ja-ja marar zane, farin maƙogwaro, ƙirji da gefe ruwan kirfa, tsakiyar ciki fari, gira mai haske, duk sun yi. Waƙar namiji sauti ɗaya a kaifi ɗaya yana ƙara ƙarfi, mace tana ɗora siririn fito mai gangarowa, abin da hoton sautin ya nuna ke nan. Mazauni rukukin bakin kurmi da gefen ƙorama a saman tsauni, daga wajen mita 1,500 zuwa sama. A Najeriya an san shi a Obudu, da Mambila, da duwatsun Gotel. Babu layin da ya rage bai samu gurbi ba, kuma ba mu lanƙwasa ko ɗaya don ya shiga ba.

Abin da aka shigar

Akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos take gudanarwa. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi, masu kallon tsuntsu suna shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Nan ta shigar da shi. Tun da an riga an san shi a Mambila, ba labarin da zai girgiza kowa ba ne, amma na matsa mata ta ajiye shaidun tare a wuri ɗaya: hoton shafin da ta rubuta da hannu, asalin naɗin, hoton sautin, da hoton nan marar kai, da bayanin cewa wutsiya kaɗai yake shaida. Ta so ta rubuta "namiji da mace". Na ce ta rubuta abin da ya faru: ɗaya an gan shi yana waƙa, na biyu an ji shi kawai, fitonsa ya dace da na mace. Mai karantawa nan gaba shi zai yanke nasa hukunci, in an bar masa kayan a rarrabe.

Ta kuma koma manhajar farko ta cire sunan da ta ba hoton, ta sa na gaskiya tare da wurin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ta amince da shi ta tura, da yanzu akwai ɗigo a taswirar wani da ke nuna tsuntsun Habasha a jihar Taraba, kuma irin wannan ɗigo yakan daɗe kafin a samu mai goge shi. Naɗin ma ta ɗora a xeno-canto, ta ambata a bayaninsa cewa waya ta danne hauhawar sautin.

Abu na ƙarshe da ta ƙara shawarar dattijon ce. Wannan siririn yanki tsakanin kurmi da ciyawa shi wuta ke fara ci in an ƙone gangare da rani, shi kuma shanu ke tattakewa in za su sauka ruwa. Tashar binciken ta killace wasu filaye da shinge don itatuwa su dawo, amma rukukin da tsuntsun yake ciki yana waje da shingen. Ta ɗauki lambobin wurin da waya, ta rubuta cewa turbar shanu ta ratsa shi kuma ba a ƙone ba tukuna, domin wanda zai bi ta nan a watan Janairu ko Fabrairu ya duba ko rukukin ya tsira, in ya tsira kuma ko tsuntsayen suna ciki.